Hancin Baban Yara

A matatar mai ba wanda ke kiran mijina da sunansa. Mai Hanci suke ce masa, shi kuma ya amsa yana washe baki kamar lambar yabo aka ba shi. Tun muna sababbin aure yake aiki a sashen da ɗanyen mai ke fara sauka, inda ake wanke shi kafin a tura shi wuta. E, wanke shi ake yi. Ni ma ranar da ya fara gaya mini dariya na yi.

Ɗanyen mai ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da gishiri da ruwa da laka da farar wuta, kuma kowanne da irin ɓarnarsa. Na ji wannan karatu a bakinsa har na haddace shi ba da sona ba. Idan gishiri ya kuɓuce ya shiga zafi, sai ya koma abin da ke cin ƙarfe har bututu ya huje. Laka tana toshe hanya, injin ya yi ta nishi. Ruwa kuwa in ya shiga tukunyar wuta, duk matatar sai ta rikice. Aikin Baban yara shi ne tsaron wani ƙaton tanki da ke kwance, inda ake gauraya man da ruwa mai tsabta, ruwan ya kwashi gishirin ya kwanta a ƙasa. Shi zai sunkuya ya buɗe famfon ƙasan, ya tari ruwan a kwalba, ya duba.

Dubawar ce matsalar, domin da hanci yake yi. Haka tsofaffin da suka koya masa aiki suke yi. Farar wuta tana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, shi kuma ya rantse daga warin yake gane irin man da aka kawo. An ba kowa wata 'yar na'ura ta maƙalawa a ƙirji, mai yin kuka idan iskar ta yi yawa. Tasa kullum tana aljihu, wani lokaci ma ni ke tsintarta a cikin kayan wanki. Ya ce abar ta cika tsoro, ko mutum ya yi gyatsa sai ta tara masa jama'a.

Daga baya matatar ta koma sayen wani mai, mai kauri, wanda farar wutarsa ta fi yawa. Daga nan gidanmu bai ƙara jin wata hira ba. Yau tanki ya cika da laka, gobe bututu ya tsatsa an tsayar da aiki, jibi an kira shi ranar hutunsa. Kayan aikinsa kuwa, sai dai in jiƙa su a bayan gida in rufe taga. In na yi ƙorafi ya ɗaga rigar ya shinshina, ya ce shi bai ji komai ba. Na ɗauka tsokana ce, don ya iya ta.

Wata rana da la'asar na dawo daga kasuwa, tun daga bakin ƙofa warin gas ya buge ni. Tiyon tukunyar gas ɗinmu ne ya tsage. Na shiga kicin na same shi tsaye a tsakiyar warin, ya ɗora butar shayi, yana lalube a kan kanta. Ya juyo hankali kwance ya tambaye ni inda na ajiye ashana.

Ban san lokacin da na finciko shi waje ba. Sai da na rufe gas ɗin, na buɗe tagogi, sannan na tambaye shi ko bai ji warin ba. Ya ce mura ce. Na ce wace irin mura ce ba tari ba majina? Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya yarda cewa an daɗe rabonsa da jin wari ko ƙamshin wani abu.

Na ce, "Baban yara, ba kai ka gaya mini iskar nan ta farar wuta in ta yi yawa hanci take fara kashewa, sannan ta kashe mai shi ba?"

"Na faɗa."

"To da me kake tsare kanka a gindin tankin nan?"

Ya ce ya san wurin kamar tafin hannunsa. Ya kuma roƙe ni kada maganar ta fita, domin in likita ya ji, an raba shi da tankin ke nan. Na ce na yarda, amma ya maƙala na'urar nan kullum. Ya yi alkawari har da dafa ƙirji. Ba a yi nisa ba, wata safiya bayan ya fita, na ga abar a aljihun rigar da ya rataye a bayan ƙofa.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Mutum da furfurarsa, da 'ya'ya, ya fi son abokan aiki su ci gaba da kiransa Mai Hanci a kan ya dawo gida da ransa. Na ɗauki mayafina da na'urar na tafi asibitin matatar, na ajiye ta a gaban likita, na faɗi komai. Ban yi nadama ba, kuma gobe ma zan sake.

A ranar aka kira shi. Likita ya sa ya rufe ido, ya riƙa miƙa masa ƙananan kwalabe. Na ji labari cewa ya yi ta canka da ƙarfin hali, har ya kira kananzir lemo. Aka mai da shi ɗakin kula da injina, inda yake zama a kujera cikin sanyi yana kallon tankinsa a allo. Yanzu wani ne ke buɗe famfon.

Ya daɗe yana fushi da ni. Gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice. Ya ci abinci ya tashi, ya kunna rediyo ya ba ni baya. Na ce a raina ya yi ta yi, mai fushi ai yana numfashi.

Rannan ina shirin fita unguwa, ina fesa turare a gaban madubi, sai na gan shi tsaye a bakin ƙofa. Ya dube ni ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Har yanzu wancan kike sawa? Wanda na sani?"

Tuni na canza shi, tun kafin asirinsa ya tonu, kuma a lokacin duk sanda na fesa sabon, sai ya ce mini ya yi ƙamshi. Na tura kwalbar bayan madubin.

Na ce, "Shi ne."