Na Je Pulau Ketam Don In Ga Anga Da Idona

Ana sallame Asuba muka fita daga Danau Kota, unguwar da nake zaune a ƙasar da na zo karatu, ni da abokin ɗakina ɗan Gombe, wanda ya ce ya biyo ni ne don ya ci kaguwa, ba don ilimi ba. Ni kuwa ranar Talata nake da intabiyu a wani kamfanin da ke yi wa jiragen ruwa hidima, kuma bizata ta ɗalibi ta kusa ƙarewa. In ban samu aikin ba, sai gida.

Kalma ɗaya ce ta tsaya mini, anchor. A ƙamus, ita ce anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi. Amma Turawa na kiran mai gabatar da labarai a talabijin da ita, da babban kantin da ke jawo mutane cikin rukunin shaguna, har da mai gudun ƙarshe a tseren miƙa sanda. Duk na haddace. Sai dai ni ɗan Kano ne, ban taɓa ganin anga ba, kuma ina tsoron a gane.

A unguwar Brickfields muka karya da gurasar roti da shayi a wani gidan abinci da suke kira mamak, kuɗin bai kai na hayar mota zuwa yankinmu na Setapak ba. Jirgin ƙasa ya kai mu bakin teku a Pelabuhan Klang yana tsayawa a kowace tasha kamar mai gaisuwar dangi. Daga nan jirgin ruwa zuwa tsibirin Pulau Ketam, cikin itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye a ruwa. Sau biyu na duba inda rigar ceto take. Wataƙila sau uku.

Garin da ke tsibirin a kan sanduna yake. Babu mota, sai kekuna da warin busasshen kifi. A wata ƙaramar gada wani tsoho masunci, ɗan Sin, ya jefo mini igiyar kwalekwalensa ya nuna turke. Na ja ta tamau, na ɗaure gajere, na ƙara ƙulli biyu don kada a ce na yi sakaci.

"Malam, jirgi ne fa, ba ragon layya ba," in ji abokina.

Tsohon ya kwance ƙullin nawa ba tare da fushi ba, ya sake ɗaurewa, ya bar igiyar tana reto har tana taɓa ruwa. Ya nuna mini baƙin zane a jikin sandunan gadar. "Ruwa zai tafi ai. Ka ba shi hanya."

Ban yarda sosai ba, sai da muka dawo daga cin abinci. Ruwan ya janye, laka ta fito, ƙananan kaguwa na zirga-zirga, kwalekwalen ya sauka ƙasa fiye da tsayina. Da ɗaurina aka bari, da yana rataye da hanci.

Na roƙe shi ya nuna mini angarsa. Na ɗauka zan ga abin da ƙarti huɗu za su ɗaga, sai ya miƙo mini ita da hannu ɗaya. Ya ce, iyakar abin da na fahimta daga Turancinsa, ba nauyi ke riƙe jirgi ba. Igiya ake saki da tsawo, angar ta kwanta, haƙoranta su kama laka. In ka taƙaita igiyar, kai da kanka ka tumɓuke ta.

Mun iso Danau Kota bayan La'asar, takalmana na warin teku. Na buɗe littafina, ƙarƙashin ma'anoni huɗun nan na ƙara layi ɗaya da ba na ƙamus ba. Ban ce yanzu na san teku ba. Yini ɗaya na yi. Amma ranar Talata matar da ta yi mini tambayoyi ta ce, me ya sa jirgi ke jan angarsa? Na ce mata, wataƙila igiyar ce ta yi gajarta. Ta ɗago ta dube ni, ta ce in zo ranar Litinin da fasfona.