Kujerar Baba a Sahun Gaba

Ni ba mai haƙuri ba ne, kowa a gidanmu ya sani. Baba ne mai haƙurin, har abin yakan ba ni haushi.

Kafinta ne, shekara arba'in yana sana'ar. Ciwon gaɓoɓi ya fara kama masa gwiwoyi, daga baya ya hau yatsu ya lanƙwashe su, har maɓallin riga sai Mama ta saka masa. Da safe za ka ji ƙugi yana fita ta haƙoransa, amma ka tambaye shi jiki, sai ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Wane sauƙi? Ciwon ya sa ya bar shago. Abu ɗaya ya riƙe, shi ne wurinsa a sahun gaba na masallacin layinmu, inda yake tsayawa tun ba a haife ni ba.

Da sujada ta gagare shi, sai na sayo masa kujerar roba. Kwana huɗu aka yi, shugaban kwamitin masallaci, wanda muke kira Mai Turare, ya tare mu a ƙofa.

"Malam, kujerar nan tana cin wurin mutum biyu. Na bayanka ba ya samun inda zai sa goshi. Ka koma baya wajen takalma, ai lada ɗaya ne."

Mutumin da ko rabin shekarun Baba bai kai ba! Kuma ƙofar da ya jingina da ita yana wannan maganar, Baba ne ya yi ta kyauta. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Baba ya taɓa min hannu.

"Gaskiya ya faɗa. Ƙafafun bayanta sun yi tsawo."

Washegari ya sa na buɗe masa shago. Ya auna faɗin kafaɗarsa, ya auna tazarar sahu da sahu, ya ce zai yi 'yar kujera marar jingina wadda ba za ta shiga haƙƙin kowa ba. Na ce ya bar min yankan, ya ce ban iya ba, kuma bai yi ƙarya ba. Zarto ba ya zama a hannunsa, sai ya naɗe shi da tsumma ya ɗaure a tafinsa. Aikin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, sai da ya ci mako uku. Ina tsaye ina kallo, raina yana tafasa.

Ranar da ya gama, na riga kowa zuwa la'asar na dasa ta a wurinsa, ina jiran wanda zai taɓa. Baba kuwa tafiyar minti biyar yanzu rabin awa take ɗaukarsa. Ya iso ana shirin tayar da salla, sahu ya cika, kujerarsa kaɗai ke jira. Ya dube ta, ya dube ni.

"Ɗauko ta. Ba a ajiye wa mutum sahu, na wanda ya riga zuwa ne."

"Baba, mako uku fa!"

"Ɗauko ta, na ce."

Na ɗauko ta a gaban Mai Turare, kamar in haɗiyi zuciya. Baba ya yi sallarsa kusa da takalma. Ni ban san abin da na karanta a tawa ba.

Tun daga ranar, in ya tafi azahar ba ya dawowa sai bayan isha'i, don kada kowa ya riga shi. Yana nan kan katakon nan ba jingina, gwiwoyi a kumbure, carbi yana zamewa daga yatsunsa. Jiya na kai masa maganinsa, na tarar ya runtse ido, gumi ya jiƙe masa wuyan riga.

Na ce, "Don Allah Baba mu je gida. Ba ka jin ciwon ne?"

Ya ce, "Ina ji mana. Amma a gida ma yana nan, kuma can babu sahu."