Jar Mota Mai Kujera Biyu

Wata rana wani saurayi a Zariya, Tasi'u, ya tashi da abu ɗaya tak a ransa: jar motar marigayi kakansa.

Ba irin motocin yanzu ba ce. Tsohuwar yayi ce, mai dogon hanci, gajera kamar ta durƙusa. Ƙofa biyu, kujera biyu, ba rufi. In aka tayar da ita, kajin unguwa ma sai sun watse.

Tun da tsohon ya rasu take lulluɓe da tamfol. Tasi'u ne mai wanke ta, shi ne mai duba mata mai da ruwa. Amma makulli? Yana ɗaure a bakin zanen kakarsa, Hajiya Yalwa. Ko ɗumama injin zai yi, sai tana tsaye a kansa.

To, ranar ɗaurin auren abokinsa ce.

Kun dai san halin samarinmu. Da an shafa fatiha sai a zarce fili wasan mota. A taka wuta, a fizgi birkin hannu, mota ta yi ta juyi, taya na kuka, yara na ihu.

Shi kuma gogan naku ya riga ya cika baki a majalisa. Ya ce ranar zai fito da jar mota, kowa ya san da babba a gari. In bai yi ba, da wane ido zai kalli abokai?

Ya tafi ɗakin tsohuwa yana murmushi. Da ma akwai wasan jika da kaka a tsakaninsu: ita ta ce masa maigida, shi ya ce mata amarya.

Ya roƙi makulli, har da durƙuso.

Abin mamaki, ba ta yi musu ba. Ta kwance ta miƙa masa. Sannan ta jawo mayafinta, ta ɗauki maficinta, ta zura takalmi.

Ta ce kakansa bai taɓa fita biki da motar nan ya bar ta a gida ba, kuma ba a kan ƙaramin maigida za a fara ba. Kujera ta biyu tata ce.

Tasi'u ya ji kamar ya fasa. Amma ina! Baki ya riga ya yi aikinsa.

Haka suka fito. Shi da baƙin tabarau, ita da mafici tana amsa gaisuwar mutane ta kowane gefe.

Suka isa fili, wasa ya riga ya yi zafi. Motoci na juyi, hayaƙin taya ya turnuƙe, yara sun yi cincirindo a gefe, wasu har suna kutsawa tsakiya.

Da aka hango jar mota, sai wuri ya kaure.

"Tasi'u! Tasi'u! A juya mana ita!"

 Ƙafarsa har ƙaiƙayi take yi. Ya ɗora hannu a kan birkin hannu, sai ya waiwaya ya ga tsohuwa tana ta fifitarta.

Ya sassauta murya.

"Hajiya, don Allah ɗan sauka. Yanzu zan gama."

"In sauka in je ina?"

"Gefe kawai. Kar wani abu ya same ki."

Ta ajiye mafici a cinya, ta dube shi ido cikin ido.

"Au, ashe ka san wani abu na iya samun mutum? Ni da na ci zamanina kake jin tsoron a rasa. Kai fa da ba ka fara naka ba? Waɗancan yaran kuma fa, su ba su da kakanni?"



Tasi'u ya dubi yaran. Da farko taro yake gani, masu yi masa tafi. Yanzu kuwa sai ya ga wata 'yar ƙarama goye da ƙaninta, a daidai inda bayan motar zai wulga.

Ya janye hannunsa.

Ya zagaya filin sau ɗaya, a hankali, kamar mai rakiyar amarya. Abokai suka yi ta yi masa tsiya. "Direban tsohuwa! Allah ya ba da lada!" Wallahi ya ji kunya, ba ƙarama ba.

Kar ku zata zan ce an yi hatsari a ranar. A'a. Alhamdulillahi kowa ya koma gida da ƙafafunsa. Ango ma a jikin jar motar ya yi hotonsa mafi kyau, Hajiya na ciki ta ƙi sauka.

Da suka dawo gida, Tasi'u ya miƙa mata makulli.

Ba ta karɓa ba.

Maficin ta ajiye a kan kujerarta. Ta ce, "Riƙe makullinka, maigida. Wannan kuma ka bar shi nan. Duk ranar da ba na ciki, ka ɗauka ina ciki."

Har gobe maficin na nan a kan kujerar.

Kuma kowace Juma'a da yamma za ku gan su sun fito shan iska, tsohuwa na mita: "Haba maigida, ɗan taka mana! Mai keke ya wuce mu!"

Shi kuwa sai dai ya yi dariya, ya ci gaba da tafiyarsa.

Darasi: Tuƙin da ba za ka iya yi da kakarka a gefenka ba, kar ka yi shi don ba ta nan. Kai ma akwai mai jiran dawowarka, haka duk wanda ke bakin hanya.

Kana da ƙane ko aboki mai zafin ƙafa? Tura masa wannan tun kafin bikin Asabar mai zuwa.