Takardar da ta ɗora mana daji a ka

Cikin duk abin da alƙalamina ya taɓa jawowa, akwai guda da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, hukuma ta ce za ta killace dajin da ke tsakanin ƙauyenmu, a ƙasar Gwaram, da ƙauyen da ke hayin rafi, ya zama gandun daji. Mu da sunan garinmu muke kiransa, su ma da nasu, kuma ba wanda ya taɓa rasa barci a kan haka. Amma allon hukuma suna ɗaya yake ɗauka.

Dagacinmu ya kira ni, don ni ke rubuta masa wasiƙu da ajami. Ya ce, "Malam, in sunan mutanen hayi ya hau allon nan, da wace fuska za mu ci kasuwa?"

Na feƙe alƙalami na zuba hujja. Na rubuta cewa tun kaka da kakanni mu ke tsaron dajin, ko reshe ba ya faɗuwa ba da saninmu ba. Allah ya yafe mini, wannan jimlar daɗinta kawai na ji.

Aka kafa allo da sunanmu. Muka yanka rago.

Da kaka ta yi, sai ga malamin daji a kan keke, takardata a aljihunsa. Ya karanta mana ita tsaf, sannan ya ce tunda mu ne masu tsaro, mu za mu share layin wuta kewaye da dajin duk shekara. In an sare itace kuma, mu za a tambaya. Dawarmu na tsaye a gona, muna can muna sharar daji.

Ran nan wani dattijon hayi ya wuce mu da damin itace a ka, ya ce, "Sannunku da aiki, masu daji!"

Shekara ta uku dagaci ya sa na rubuta musu cewa don zumunci mun bar musu sunan. Amsarsu layi ɗaya ce: "Allah ya bar muku, ya ƙara albarka."

Tun daga lokacin, kafin in nema wa wani suna, sai na tambayi wa zai riƙe fartanya.