Abin da Direban Motar Gawa Ya Gani

Nea Ilarie Buzatu ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar ɗaukar gawa ta ofishinmu, ofishin binciken musabbabin mutuwa na gundumarmu da ke gabashin Romaniya. Ni ce mai buga rahoto a wurin, tagata kuma tana kallon inda yake ajiye motar, don haka na san shi fiye da yadda na san wasu dangina.

Ɗan mahaƙin gishiri ne. Aji takwas ya yi ya bar makaranta, ya koyi tuƙi a soja. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya shiga gidan rasuwa da hula a ka, ko da ƙanƙara na zuba. Matarsa Aglaia takan ce ta auri mutumin da maƙwabta ba sa so ya tsaya gaisuwa a ƙofar gidansu da mota.

A hunturun da nake magana, cikin watan Disamba, ya ɗauko wasu tsofaffi biyu, mata da miji, daga wani ƙauye a kan tudu. An same su kwance kamar masu barci. Bayan kwana tara ya ɗauko wani makiyayi daga wani ƙauyen, sannan wata malamar makaranta mai ritaya. Ranar da ya kawo ta, ya shigo ofishina da taɓo a takalmi, abin da bai saba ba, ya ce a ɗakunan nan uku duk ya ga abu ɗaya: wata ƙaramar hita ta ɗumama ɗaki, koriya, mai aiki da gas, ba sunan kamfani a jikinta, tagogi kuma a toshe da tsumma.

Na kai shi wurin Likita Smaranda Ursache, wadda ke binciken gawarwakin. Ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce ita ma launin fatar mamatan ya nuna mata iskar nan ce marar wari da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki, amma ba ta san iri ɗaya ce hitar ba, domin 'yan sandan ƙauyukan ba su rubuta ba. Kowannensu ya rubuta rahotonsa shi kaɗai, ya aika wa mai gabatar da ƙara na yankinsa.

Ga yadda aikinmu yake a lokacin, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Likita ta rubuta da hannu, ni in buga kwafi uku. Ɗaya ya tafi wurin mai gabatar da ƙara, ɗaya cikin durowa, ɗaya cikin wata durowar. Jinin da aka ɗiba a aika babban birni, sakamako ya dawo bayan wata biyu ko uku. Ofishin kiwon lafiyar jama'a kuwa, wanda aikinsa ne ya gargaɗi mutane, yana tsallaken titi, muna jin ƙamshin kofinsu. Amma sau ɗaya a shekara muke ba su alƙaluma, cikin watan Maris, bayan sanyi ya gama kashe wanda zai kashe.

Likita Smaranda ta rubuta wasiƙa tana neman a sanar da ofishin lafiyar. Aka ce fayil na mai gabatar da ƙara ne, ba a fitar da komai sai da izininsa. Ta nemi izinin, aka ce sai sakamakon jini ya dawo. Kafin sabuwar shekara Nea Ilarie ya ƙara ɗauko mutum biyu.

Sai ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci ya tsallaka titi zuwa ofishin lafiyar. Na bi shi. Mataimakin darakta, wani mai suna Parvu, ya bar mu a tsaye yana cin burodi da cuku. Da ya gama ji sai ya tambaya ko da takarda mai hatimi.

"Ranka ya daɗe, ba ni da hatimi," in ji Nea Ilarie. "Mutum shida na ɗauka da hannuna."

Parvu ya kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga rigarsa. "Dattijo, kai dai ka riƙa kai su lafiya. Ai fasinjojinka ba sa ƙorafi. Ƙidaya kuma ka bar wa waɗanda suka karanta ta."

Muna fitowa Nea Ilarie ya ce mini, "'Yata, koma bakin aikinki, kada su haɗa da ke."

Bai sha wuyar gano inda hitar ke fitowa ba. Ya tambayi 'yar malamar makarantar, ta ce a kasuwar Asabar uwarta ta saya, wurin wani mai zuwa da ita a bayan mota, rabin kuɗin ta kanti. Asabar na zuwa ya ɗauki motar gawa, wadda babu wanda bai san ta ba a garin, ya ajiye ta gab da mai hitar, ya buɗe ƙofofin baya, ya tsaya yana cin 'ya'yan kabewa. Duk wanda ya tsaya taya hita sai ya ce masa ya saya abinsa, amma ya bar adireshi, don kada a sha wuyar neman gidan ran Litinin. Mai hitar ya zage shi, ya zagi uwarsa. Kafin azahar ya tattara kayansa ya tafi.

Ran Litinin aka ba Nea Ilarie takardar tuhuma, saboda amfani da motar hukuma ba da izini ba. Ni aka ba wa in buga ta. Na buga, kuma ban yafe wa kaina ba.

Mai hitar bai daina ba, kasuwa kawai ya sauya. Waɗanda suka riga suka saya kuma babu wanda ya gaya musu komai. Sanarwa ba ta fito a rediyo ba sai tsakiyar Fabrairu, lokacin da sakamakon jinin farko ya dawo. Mutum goma sha ɗaya ne suka mutu a gundumarmu, cikinsu har da wata mai ciki.

Likita Smaranda ta ɗauki abin da zafi. Shekara uku tana yawo tsakanin ofisoshi har aka yarda a haɗa kwamfutocinmu da na ofishin lafiya. Yanzu da ta rubuta abin da take zargi ya kashe mutum, ba suna ba adireshi, cikin kwana biyu suna gani, in kuma iri ɗaya ya maimaitu sai allo ya nuna musu. Ita ce ta nace sai an sa gurbin rubuta abin da aka gani a ɗakin mamaci. Masu haɗa tsarin suka ce wa zai cike wannan? Ta ce direba.

Ranar buɗe sabon tsarin, Parvu, wanda ya zama darakta a lokacin, shi ya yi jawabi a kan muhimmancin sauraron kowa. Nea Ilarie kuwa tun da safe aka ce ya kai motar bayan gini, kada baƙi su gan ta. A can ya wuni. Na kai masa kek a takarda, ya ce in kai wa Parvu, shi ya yi aikin.

Wata bakwai ya yi yana cike gurbin nan da yatsa ɗaya kafin ya yi ritaya. Yanzu yana kiwon zuma a ƙauyen matarsa. Gundumar da ke maƙwabtaka da mu har yau a takarda suke aiki, an ce sai kasafin baɗi. Direbansu, wani Gavril, yakan kira Nea Ilarie duk Litinin da safe ya gaya masa abin da ya gani a mako, shi kuma ya kira ni, ni in tsallaka titi da ƙafata in kai ofishin lafiya. Makon jiya wasu ƙwayoyin maganin ciwon baya ne Gavril ya gani, a gidajen mamata biyu. An ce mini in kawo a rubuce.