Rijiyar Da Na Haƙa Kusa Da Masai

Lokacin da Birnin Kebbi ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni matashi ne mai haƙar rijiya, sana'ar da na gada wurin mahaifina a Argungu. A shekarun fari aiki ya yi mini yawa, don rijiyoyi sun ƙafe, kowa so yake a ƙara wa tasa zurfi ko a haƙa masa sabuwa. Kullum cikin sauri nake.

Wani dattijo mai fataucin albasa ya kira ni gidansa a Birnin Kebbi. Ya so a haƙa masa rijiya kusa da zaure, amma da na sara sai na tarar da marmara, wadda za ta ci mini mako uku, ga wani aikin yana jirana a Augie. Sai na nuna masa wani wuri mai laushi a bayan gida, bai fi taku biyar daga masai ba. Na san ƙasa mai yashi ba ta tare ƙazanta. Shi ma ya tambaye ni ko kusancin ba zai cutar ba, na ce Baba ya kwantar da hankalinsa, zan ɗaure ta da siminti.

Ruwa ya fito garau, unguwa duka ta koma ɗiba can. Da damina ta yi ƙarfi, sai amai da gudawa suka shiga gidan. Matarsa ta rasu, haka ma maƙwabciyarsu, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa. Duba-gari ya zo ya auna tazarar da ƙafarsa, ya sa aka cike rijiyar. Da na je ta'aziyya, dattijon ya riƙe hannuna ya ce kada in sa abin a rai, ƙaddara ce, na yi iya ƙoƙarina. Na yi masa sallama na tafi. Har ya bar duniya ban gaya masa gaskiya ba.

Yanzu na tsufa, amma hankalina bai kwanta ba. Ko sallah nake sai tambayarsa ta faɗo mini. Na gane cewa hasken ruwa ba shi ne tsabtarsa ba. Jama'a, ku nisanta rijiya da masai ko da aikin zai ɗauki wata guda. Ku kuma abokan sana'ata, idan mai gida ya tambaye ku, ku faɗa masa abin da kuka sani, don iyalinsa ne za su sha.