Dutsen da Flor Driscoll ya cire

Flor Driscoll maƙwabcinmu ne a ƙauyen Kilbeg, kuma ban taɓa ganinsa ya cinye dankalinsa a zaune ba. A gonar ubansa akwai wasu duwatsu tara na mutanen da, tsaye a da'ira, ga na goma shi kaɗai can gefe. Yana da shekara ashirin ya ɗaura wa na goman doki, ya ja shi gida ya yi madogarin ƙofar garke da shi. Ya cike ramin, ya bi ta kai da garma.

A shekarar shanunsu biyu suka mutu, aka ce alhakin dutsen ne. Uwarsa, Bríd, tana kan gadon mutuwa ta sa ya rantse zai mayar da dutsen inda ya same shi. To, ina ne wurin? Ciyawa ta rufe.

Shekara talatin yana tambayar duk ɗan birni mai hula da ya zo kallon duwatsun. Wani mai awon ƙasa ya ce mutanen da sun jera duwatsun ne don faɗuwar rana a tsakiyar hunturu, Flor ya ja dutsen yamma. Fadan cocinmu ya ce mayankar arna ce, ya mayar da shi tsakiya. Wata Baturiyar Ingila mai yawo da sandar neman ruwa ta ce ruwan ƙarƙashin ƙasa suke nunawa, ya kai shi bakin fadama, har ya nutse rabi. Kowane wuri sai ya yi mako yana kewaya shi, sannan ya je ya ɗauko doki.

Ni kuwa na sani. Ina yarinya a jikinsa nake jingina in ina kiwon tumaki, don daga nan kaɗai ake hango hayaƙin gidanmu ta tsakanin dogayen duwatsu biyu na da'irar, in san an sauke tukunya. Kuma a gindinsa na binne tulun madarar Bríd da na fasa, wanda Flor ya sha bulala a kansa. Shi ya rufe min baki.

Ran da na ga ya fara tari yana jan igiya, dokin ma ya tsufa, na tare shi.

"Kai Flor, yau kuma wa ya aike ka? Wata ko tauraro?"

"Matsa, Nance. Wani malami daga birnin Cork ya ce arewa."

"Malamin ya taɓa kiwo a nan? Kawo shebur."

Na yi ta ja da baya har na hango bututun hayaƙinmu, na ce ya tona. Da ya kai zurfin kamu ɗaya sai ga hannun tulu mai shuɗin zane. Ya juya shi a tafinsa ya daɗe.

"Ashe ke ce, ɓarauniya. Kwana uku ban iya zama ba."

"Har yau ma ai ba ka zauna ba."

Muka tsayar da dutsen kafin ruwa ya sauko. Kwana biyu ana ganinsa zaune a ƙofar gida da lofen taba a baki, har matarsa ta tsorata. A na uku ya leƙo ta tagata.

"Nance, wane gefen dutsen ne ke kallon teku a da?"

Ban tuna ba ko kaɗan. Na dubi ƙafafunsa da suka fara ƙaiƙayin tafiya, na ce, "Yadda yake ɗin nan. Bayana da ya sha jingina ya san shi."

Ya dube ni, sannan ya tafi ya sayar da dokin.